Wa Ya Auna Hayaƙin Teku? Yadda Ake Ƙiyasta Man da Jiragen Ruwa Ke Ƙonawa

Duk lokacin da aka taso da zancen ɗumamar yanayi da sufurin teku, adadi guda ne ke yawo a bakin 'yan jarida da jami'an gwamnati: jiragen ruwa na fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke saki a duniya. Adadin ya fito ne daga nazari na huɗu da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, mai hedkwata a Landan, ta wallafa a 2020. Nazarin ya ce a 2018 jiragen ruwa gaba ɗaya, na ƙasa da ƙasa da na cikin gida da na kamun kifi, sun fitar da tan miliyan 1,056 na iskar kabon, wato kashi 2.89 cikin 100 na jimillar duniya. In aka haɗa da sauran iskokin da ke riƙe zafi, sai ya kai tan miliyan 1,076, alhali a 2012 yana 977. Wanda ya ga 2.89 zai zaci wani ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya ya kafa ma'auni a bakin bututun hayaƙinsu. Babu wanda ya yi haka. Ƙiyasi ne aka gina da lissafi da kintace mai hujja, kuma sai mutum ya san yadda aka gina shi zai gane inda zai jingina da shi da inda zai ɗan ja da baya.

Ɓangaren sinadarai shi ne mai sauƙi. Baƙin man da manyan jirage suka daɗe suna sha, wato dagwalon da ke saura a matata bayan an cire fetur da kananzir da dizal, kusan kashi 85 cikin 100 na nauyinsa kabon ne. In ya ƙone, kowace ƙwayar kabon sai ta kama ƙwayar oksijin biyu daga iska, nauyinta ya ninka fiye da sau uku da rabi. Shi ya sa hayaƙin ya fi man da ya haife shi nauyi. Tan ɗaya na baƙin mai yana ba da tan 3.114 na iskar kabon, dizal ɗin jirgi yana ba da 3.206, gas ɗin da aka sanyaya ya zama ruwa kuma 2.75. Ba a gardama a kan waɗannan. Saboda haka duk tambayar ta tattara a wuri guda: tan nawa na mai aka ƙona?

A nan ne aikin ya cakuɗe, domin man da aka ƙona a tsakiyar teku ba shi da uban gida. A ɗauki jirgi guda: mai shi ɗan Girka ne, a Koriya ta Kudu aka ƙera shi, tutar Laberiya yake ɗauke da ita, wani kamfani a Suwizalan ya yi hayarsa, ya sha mai a Singafo, ya kwaso kaya daga Sin zuwa Holan. A littafin wace ƙasa za a rubuta hayaƙinsa? Masu tsara yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan sauyin yanayi sun kasa warware wannan, sai suka miƙa batun ga IMO. Har yau ƙasashe na rubuta man da suka sayar wa jiragen ƙasa da ƙasa a gefen rahotonsu ne, ba ya shiga jimillar da ake tuhumarsu a kai. Ƙasashe uku da suka fi kowa rajistar jirage, Laberiya da Panama da Tsibiran Mashal, yawancin jiragen da ke ɗaga tutarsu ba sa ma zuwa gaɓarsu. Abin da ba a tuhumar kowa a kansa kuwa, ba kasafai wani ke ɓata lokaci wajen ƙirga shi da kyau ba. An shafe shekaru a haka, duk da cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi.

Masu bincike sun bi hanya biyu. Kamar mai son sanin man da motocin wata ƙasa suka sha ne: ko ya tattara littattafan gidajen mai ya haɗa abin da suka sayar, ko ya bi motocin ya ga nisan da kowace ta yi da girman injinta.

Hanyar farko, ta ciniki, ita ce tsohuwa. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, tana karɓar rahoto daga ƙasashe kan man da aka sayar wa jiragen ruwa, sai a tara. A takarda babu abin da ya fi wannan tsafta, tunda duk man da aka ƙona wani ne ya sayar da shi. A aikace kuwa tana yoyo ta ko'ina. Mai sayar da mai a tasha ba shi da tabbacin ko jirgin da ya sha zai tsallaka teku ne ko zai tsaya a tashar gaba ta ƙasar, don haka raba na cikin gida da na waje yakan zama yadda ma'aikacin ƙididdiga ya ga ya dace. Wata ƙasa takan rubuta man jirage a matsayin man da ta fitar waje, sai ya ɓace daga wannan shafin. Dizal kuma iri ɗaya ne kusan a tudu da ruwa, wanda aka saya da sunan masana'anta na iya ƙarewa a tankin jirgin kamun kifi. Ga ƙasashen da rahotonsu ke zuwa a makare ko da giɓi. Galibin waɗannan kurakurai ɓangare guda suke karkata, wato su rage adadi, shi ya sa lissafin ciniki ya saba fitowa ƙasa.

Girman giɓin ya fito fili a 2003, lokacin da wasu masu bincike biyu, James Corbett da Horst Koehler, suka bi ta hanya ta biyu. Sun ɗauki rajistar jiragen duniya, suka duba ƙarfin injin kowane rukuni, suka kintaci kwanakin da yake yi a teku a shekara da yadda ake matsa wa injin, suka fito da tan miliyan 289 na mai a shekara. Wannan ya ninka abin da littattafan ciniki ke nunawa a matsayin man jiragen ƙasa da ƙasa fiye da sau biyu. Wasu masana daga Nowe suka ce an zuzuta, domin an ɗauka jirage na yin kwanaki a teku fiye da yadda suke yi. An daɗe ana wannan muhawara ba tare da alƙali ba, saboda kowane ɓangare zato yake yi a kan abu guda da babu mai bayaninsa a lokacin: ina jiragen suke, kuma da wane gudu suke tafiya?

Amsar ta zo daga na'urar da ba don yanayi aka ƙirƙiro ta ba. Daga ƙarshen 2004 dokar kare rayuka a teku ta wajabta wa duk jirgin ƙasa da ƙasa da ya kai tan 300 a ma'aunin girman jirage, da kowane jirgin fasinja, ya ɗauki na'urar AIS. Aikinta ta riƙa shela ta rediyo: ga sunana, ga inda nake, ga gudun da nake yi, ga inda na dosa. Jirgin da ke tafe yana aika saƙon duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, wanda ya jefa anka kuma duk bayan minti 3. Manufar ita ce kada jirage su yi karo. Da farko tashoshin gaɓa ne kawai ke jin saƙon, sai daga baya aka gano taurarin ɗan'adam ma na iya tsinto shi daga sama. Nazarin IMO na uku, na 2014, wanda masana a jami'ar UCL ta Landan suka jagoranta, shi ne ya fara gina ƙiyasin duniya a kan waɗannan saƙonni, awa bayan awa, jirgi bayan jirgi.

Ga yadda lissafin ke tafiya. Kowane babban jirgi yana da lambar IMO mai alƙaluma 7 da ba ta canjawa ko an sayar da shi ko an sauya masa suna. Da wannan lamba ake zuwa rumbun bayanan jirage a ɗauko tsawonsa, ƙarfin babban injinsa, gudun da aka ƙera shi ya yi, da irin man da yake sha. Sai a ɗauki gudun da AIS ta nuna a wata awa a tambaya: kashi nawa na ƙarfin injin ake bukata don a yi wannan gudun? A nan wata ƙa'ida ta ruwa ke shigowa, wadda ita ce ƙashin bayan lissafin gaba ɗaya. Ƙarfin da jirgi ke bukata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana hauhawa ne kusan kamar an ninka gudun a kansa sau uku. Jirgin da ke shan tan 100 a rana, in ya rage gudu da kashi 10 cikin 100, zai koma shan kusan tan 73. Tafiyar kwana 10 za ta zama ta kwana 11 da ɗoriya, amma duk da haka man tafiyar zai sauko daga tan 1,000 zuwa wajen 810. Da aka san ƙarfin da injin ya bayar, sai a ninka da giram ɗin man da yake ƙonawa kan kowane ma'aunin ƙarfi, a samu man wannan awar. A yi haka ga awowin shekara duka, ga dubun dubatar jirage, a tara.

Wannan ƙa'ida ce ta bayyana abin da ya faru bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008. Jirage sun yi yawa, kaya sun yi kaɗan, mai ya yi tsada, sai kamfanoni suka sassauta gudu. Hayaƙin ya ragu ba tare da an sauya inji ko mai ba. Tsohon salon ƙiyasi, wanda ke ɗaukar cewa jirgi na gudu kusa da iyakarsa, da bai ga wannan ba sam. Ita kuma ƙa'idar ce ke sa ƙaramin kuskure ya zama babba: in ka yi kuskuren kashi 5 cikin 100 a gudu, kuskurenka a mai ya doshi kashi 15.

Kuma wuraren kuskure suna da yawa. AIS tana ba da gudun jirgi ne gwargwadon yadda yake cin nisa a doron ƙasa, alhali farfela da ruwa take kokawa. Jirgin da igiyar ruwa ke turawa daga baya da wanda ke fuskantarta za su iya nuna gudu ɗaya, shan mansu ya sha bamban. Zurfin da jirgi ya nutse, wanda ke nuna ko yana da lodi ko fanko yake, da hannu ma'aikata ke shigar da shi a na'urar, kuma sukan manta su sabunta. Iska da raƙuman ruwa suna ƙara wa inji aiki. Gansakuka da ƙananan halittun da ke manne wa cikin jirgi tsakanin wanki da wanki suna ƙara masa nauyin ja, har jirage biyu da aka ƙera rana ɗaya a masana'anta ɗaya su bambanta sosai bayan 'yan shekaru. Masu lissafin ba su ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai su ɗora wani kaso na bai-ɗaya a kan kowa. Sannan akwai man da ba shi da alaƙa da tafiya kwata-kwata: janaretocin da ke ba kwantenoni masu sanyi wuta, tukunyar tururin da ke ɗumama ɗanyen mai a cikin tanka don ya yi laushin tsotsa, fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki na jirgin yawon shaƙatawa mai ɗauke da dubban mutane. Jirgi na tsaye cik a tasha yana ƙona mai, AIS kuwa abin da ta sani kawai shi ne bai motsa ba. Wannan ɓangaren daga jadawalin zato ake ciko shi.

Don a gwada ko lissafin ya kama hanya, akan kwatanta shi da rahoton tsakar rana, wato takardar da kowane jirgi ke aika wa kamfaninsa kullum mai nuna nisan da aka yi da man da aka sha. Abin da ake gani kusan kullum iri ɗaya ne: a kan jirgi guda ƙiyasin na iya kaucewa da yawa, amma in aka haɗa ɗaruruwa sai kurakuran su ci juna, matsakaicin ya zo kusa. Shi ma rahoton tsakar ranar ba wahayi ba ne. Mutum ne ke cika shi, sau da yawa daga awon tanki a jirgin da ke tangaɗi, kuma a kansa ake sasanta rigimar kuɗi tsakanin mai jirgi da wanda ya yi haya ya biya mai.

Sai kuma jiragen da ba a ji ɗuriyarsu ba. A mashigai masu cunkoso saƙonni kan yi karo da juna tauraro ya kasa tsinta, sai a ja layi tsakanin wuri na ƙarshe da aka ji jirgi da inda ya sake ɓulla, a kintaci abin da ya faru a tsakani. Taurarin da ke saurare a 2012 ba su kai na 2018 yawa ba, don haka wani ɓangare na abin da ke kama da sauyi a teku sauyi ne a kunnen mai saurare. Tankokin da ke dakon man Iran da Benezuwela da Rasha a ɓoye saboda takunkumi suna kashe na'urar ko su sa ta faɗi wurin ƙarya. Wani bincike da ƙungiyar Global Fishing Watch ta jagoranta, wanda ya fito a farkon 2024, ya haɗa hotunan rada na tauraro da bayanan AIS ya gano cewa wajen kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi ba sa bayyana a tsarin bibiya na fili. Jiragen yaƙi kuwa dama ba sa cikin lissafin.

Duk da haka, a ganina babban abin da ke motsa adadin ba kuskuren awo ba ne, shata iyaka ne. A duba shekara guda, 2012. Nazari na uku ya ce jiragen ƙasa da ƙasa sun fitar da tan miliyan 796 a wannan shekarar. Nazari na huɗu ya sake lissafa ta ya ba da amsa biyu: 848 da 701. Dalilin amsa biyun shi ne an canja ma'anar "ƙasa da ƙasa". A tsohon salo, nau'in jirgi da girmansa ake dubawa, duk babban jirgin kwantena a ce na ƙasa da ƙasa ne ko me ya yi. A sabon salo, kowace tafiya ake bi: in ya tashi daga tashar wata ƙasa ya sauka a ta wata, ta ƙasa da ƙasa ce, in ya tashi daga Shanghai ya sauka a Shenzhen, ta cikin gida ce, ko da jirgin ya fi kowanne girma. A 2018 bambancin ya kai tan miliyan 179, tsakanin 919 da 740. Ko ɗigon mai bai ƙaru ko ya ragu a teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ya tashi daga wuyan IMO ya koma wuyan gwamnatocin ƙasashe, waɗanda da yawansu ba su ma san yana kansu ba. Duk wanda ya kawo maka adadin hayaƙin jiragen ruwa, kafin ka tambaye shi ko daidai ne, tambaye shi wane ne a ciki.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a tambayi jiragen kai tsaye? An fara, amma a makare. Tarayyar Turai ta riga kowa: daga 2018 duk jirgin da ya haura tan 5,000 da ke shiga tashoshinta dole ya ba da rahoton man da ya ƙona, wani mai tantancewa mai zaman kansa ya sa hannu. IMO ta bi sahu daga 2019 da nata tsarin, inda jirgi ke kai rahoto ga ƙasar da yake ɗauke da tutarta, ita kuma ta tura Landan. A shekarar farko an samu rahoton wajen tan miliyan 213 na mai daga jirage sama da 27,000. In aka ninka, ya ba da kimanin tan miliyan 660 na iskar kabon. Da yake an ƙiyasta cewa jiragen wannan girman ne ke da kusan kashi 85 cikin 100 na hayaƙin ƙasa da ƙasa, kuma ba duka ne suka kawo rahoto ba, adadin bai yi hannun riga da lissafin AIS ba. Wannan abin kwantar da hankali ne: hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba sun sauka a unguwa ɗaya.

Tsarin biyu sun bambanta a abu guda mai muhimmanci. Turai tana wallafa alƙaluman kowane jirgi da sunansa a intanet, kowa na iya dubawa ya gwada da abin da AIS ta nuna. IMO kuwa ta fara ne da ɓoye sunayen jirage, sai dunƙulallen adadi. Kamfanoni sun ce sirrin kasuwanci ne. Ni dai ban ga yadda za a amince da rahoton da mai shi ya rubuta, ƙasar da yake biya kuɗin rajista ta tantance, sannan a hana na waje dubawa ba.

Shi kansa awon mai a jirgi ba ƙaramin aiki ba ne. Yawanci ana dogara ne da takardar shaidar da mai sayarwa ke bayarwa lokacin ɗura, a haɗa da awon abin da ya rage a tanki. Harkar ɗurar mai ta daɗe da sunan ha'inci. Sananniyar dabara ita ce a busa iska cikin baƙin man ya yi kumfa, ya cika tanki a ido, sai bayan jirgi ya yi nisa kumfar ta kwanta a ga giɓi. Ma'aikatan jirage na kiran wannan kafucino, sunan wani kofi mai kumfa. Singafo, wadda ta fi kowace tasha sayar da man jirage, sama da tan miliyan 50 a shekara, ta wajabta amfani da mita mai auna nauyin man da ke wucewa ta bututu tun daga 2017. Ba kowace tasha ce ta yi haka ba.

Batun shata iyaka ya sake taka rawa a ma'aunin ƙwazo, wato hayaƙi nawa aka fitar don kai tan ɗaya na kaya mil ɗaya. Nazari na huɗu ya ce daga 2008 zuwa 2018 an samu ci gaba na kashi 21 cikin 100 a wani ma'auni, kashi 29 a wani. Na farko yana raba hayaƙin da iyakar abin da jirgi zai iya ɗauka, na biyu da ainihin abin da ya ɗauka. Da na farko aka gina tsarin da ya fara aiki a 2023 mai ba jirage maki daga A zuwa E, saboda kamfanoni ba su so bayyana lodinsu ba. Sakamakon ya zo da ban dariya: jirgin da ke yawo fanko ya fi sauƙin samun maki mai kyau a kan wanda ya cika maƙil, wanda kuma ya maƙale a layin tasha ba da laifinsa ba makinsa ya zube. Sai a 2024 aka gyara ƙa'idar rahoto don ta haɗa da ainihin aikin dakon da aka yi.

Duk wannan a kan iskar kabon ne, wadda lissafinta ke bin mai sau da ƙafa. Sauran ba sa bin wannan ƙa'ida. Jiragen da suka koma shan gas suna rage kabon a bututu, amma wasu injinan na barin wani kaso na gas ɗin ya fice bai ƙone ba, kuma gas ɗin metan ne, wanda ƙarfin riƙe zafinsa ya ninka na kabon kusan sau 30 a tsawon shekara 100, fiye da sau 80 a shekara 20. Nazari na huɗu ya ce metan daga jirage ya ƙaru da wajen kashi 150 cikin 100 tsakanin 2012 da 2018. Nawa ke zurarewa? Turai ta sa kashi 3.1 cikin 100 ga nau'in injin da ya fi yoyo. Da cibiyar bincike ta ICCT da abokan aikinta suka aika jiragen sama marasa matuƙi da helikwafta suka shaƙo hayaƙin jirage a teku, matsakaicin da suka wallafa a 2024 ya kai kashi 6.4. In adadi na biyu ne gaskiya, to ga irin wannan injin an gudu ne ba a tsira ba. Akwai kuma baƙin toka da ke sauka a kan ƙanƙarar Arewacin duniya ya sa ta saurin narkewa, wanda awonsa ya dogara da inji da mai da yadda ake tuƙi. Har ma da abin da ke aiki a juye: dokar 2020 da ta rage sinadarin sulfa a man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 ta ceci huhun mutanen gaɓa, amma ƙurar sulfar tana haskaka gajimare ta mayar da hasken rana, don haka raguwarta ta ɗan ƙara zafi. Masana na ci gaba da jayayya kan ko nawa ne.

Da can waɗannan tambayoyi na masana ne da mujallunsu. Yanzu kuɗi ya shigo. Daga Janairun 2024 Turai ta sa jiragen ruwa cikin kasuwarta ta kabon: su sayi takardar izini kan duk hayaƙin tafiya tsakanin tashoshinta da rabin na tafiyar shiga ko fita, ana farawa da kashi 40 cikin 100 na hayaƙin 2024, kashi 70 na 2025, sannan duka. A Yulin 2023 ƙasashen IMO suka amince a kai ga daidaita hayaƙi zuwa sifili a wajajen 2050, tare da rage aƙalla kashi 20 cikin 100 nan da 2030 da kashi 70 nan da 2040, duka a kan ma'aunin 2008. A lura, 2008 shekara ce da babu cikakkiyar AIS ta tauraro, babu rahoton dole, don haka sandar da za a auna nasara da ita ma ƙiyasi ce da aka yi ta waiwaye. Kuma abin da ke faruwa a duniya na iya shafe ribar shekaru cikin watanni: tun da 'yan Husi na Yaman suka fara kai hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, jiragen Asiya zuwa Turai suka bar Suwez suka zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana 10 ko fiye, da yawa kuma suka ƙara gudu don cike lokaci.

Jimillar duniya, a nawa hukuncin, an san ta gwargwadon da ya isa a yi aiki. Ko tan miliyan 950 ne ko 1,100, ya yi kusa da abin da ƙasa kamar Japan ke fitarwa, kuma babu shawarar da za ta canja saboda wannan tazarar. Wanda ke cewa a jira sai alƙaluma sun kammala, jinkiri yake nema. Raunin yana wurin da kuɗin zai faɗa, wato jirgi guda da man da ke cikin tankinsa. Tsarin da IMO ta amince da daftarinsa a Afrilun 2025 ya tanadi tarar dala 100 da dala 380 kan kowane tan na hayaƙi da ya haura iyaka, kuma zai auna mai ne tun daga inda aka samo shi har zuwa inda aka ƙona shi. A Oktoban shekarar aka ɗage zartar da shi da shekara guda, bayan adawa mai zafi daga Amurka da Saudiyya.

Ko an zartar ko ba a zartar ba, wannan salon awo ya riga ya shiga dokar man jirage ta Turai da ta fara aiki a 2025, kuma ya fitar da lissafin daga cikin jirgi gaba ɗaya. Amoniya, sinadarin da ake son jirage su ƙona a madadin mai, ba ta da kabon ko kaɗan, don haka ƙona ta ba ya fitar da iskar kabon a bututun jirgi. Amma wadda aka yi da gas ba tare da kama hayaƙin masana'antar ba na iya fin baƙin mai illa in aka haɗa duka, wadda aka yi da wutar rana ko iska kuma ta kusa sifili, sai dai abin da injin ya saki na nitros oksaid, iskar da ta ninka kabon ƙarfi sau 270 da wani abu. A cikin tanki su biyun abu ɗaya ne, babu gwajin da zai raba su. Haka metanol, haka man tsirrai da ake cewa daga tsohon man suya aka yi shi alhali yana iya zama sabon manja daga gonar da aka sare daji aka shuka. Tauraro ba ya ganin wannan, mitar bututu ma ba ta gani. Abin da zai rage a hannun mai ƙiyasi shi ne takardar shaidar da ta biyo man daga masana'anta a wata nahiya, ta hannun dillalai uku ko huɗu, kuma har yanzu ƙasashen IMO ba su gama tsayar da waɗanda za a amince su sa hannu a kanta ba.